Kuɗin dashen haƙori sai da ya sa ni zufa

Wallahi da likita ya faɗi kuɗin dasa haƙori ɗaya sai da na nemi kujera, kuma fa turmi ne na can ciki, ba wanda ake gani ba. Ƙusar titaniyam suke ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama sannan a ɗora haƙorin, kayan kuma daga waje ake kawowa, dala na tashi suna tashi. Inshorar ofishinmu ta ce ba ruwanta. Allah ya taimake ni masu asibitin sun yarda in biya kashi-kashi, na farko da kwasar adashe, ragowar bashin kofaretib. Yayata wai in sa na roba in huta, ni ko kilishi nake son ci.