Yadda muke saita linzamin kwamfuta a Linux

Mafi yawan kwamfutocin da ake kawo mana tsofaffi ne da Windows ta yi musu nauyi, sai mu ɗora musu Linux, galibi Debian ko Linux Mint, su sake miƙewa. Aikin ƙarshe a kan kowace kwamfuta, wanda ban yarda in bar wa yaran shago ba sai na duba da kaina, shi ne saita linzaminta, abin da jama'a ke kira mawus.

Na koyi wannan aiki a wurin maigidana a farkon shekarun 2000, lokacin da manhajar XFree86, wadda ake taƙaitawa da X, ke tafiyar da allon Linux. A zamanin nan, kana gama ɗora manhaja sai kibiyar da linzami ke motsawa a allo ta tsaya cik, ko ta riƙa tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan tana buɗe abin da ba a sa ta ba. Babu magani sai ka buɗe fayil ɗin XF86Config da madannai kaɗai, ka sanar da na'urar irin linzamin da ka jona mata. Mai faffaɗan kai da ramuka tara ana rubuta masa /dev/ttyS0, mai koren kai zagayayye kuwa, wato PS/2 da kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, nasa /dev/psaux ne. Idan yana da ƙaramar taya a tsakiya, sai ka zaɓi tsarin da ake kira IMPS/2 ka ƙara layin ZAxisMapping "4 5", domin a wurin X mirgina tayar sama da ƙasa daidai yake da danna maɓalli na huɗu da na biyar. Wata rana na wuni ina kankare dattin ƙwallon robar wani linzami da auduga, ina zaton shi ya sa kibiyar ke hauka. Maigidana yana kallona bai ce uffan ba, sai bayan la'asar ya ɗora yatsa a kan layin da na kuskure.

Tun da X.Org ya karɓi ragama daga XFree86 a 2004, aka kuma koma USB, kwamfuta kan gane linzaminta da kanta, kuma a yau wata manhaja mai suna libinput ke wannan aiki. Shi ya sa wasu masu kawo gyara ke cewa ai jonawa kawai muka yi, su tsaya ciniki kamar ana sayar da tumatir. Amma hannun kowa daban ne. Bahago sai mun juya masa maɓallan, mu rubuta LeftHanded a cikin ma'ajiyar saiti ta /etc/X11/xorg.conf.d domin kada saitin ya gushe idan an kashe kwamfutar. Mai zana katin biki yana son kibiyar ta bi hannunsa daidai da daidai, don haka muke cire masa ƙarin gudun da take yi idan an fizge ta. Dattijon da hannunsa ke rawa kuwa, mukan tsawaita masa tazarar da ke tsakanin danna biyu.

Abin da ke ɓata mana wannan aiki shi ne jabun kaya. Wani dila ya taɓa kawo mini kwali guda ɗauke da sunan babban kamfani, amma kafin wata ya zagayo maɓallan sun saki, danna ɗaya na zama biyu, masu su kuma suka dawo suna cewa Linux ɗinmu ce ba ta da kyau. Babu saitin da zai gyara mataccen maɓalli. Tun daga nan, duk linzamin da zai fita daga shagonmu sai na ɗora shi a kan shimfiɗarsa, domin hasken da yawancin linzaman yanzu ke aiki da shi ba ya kama teburin gilashi, na ja fayil daga wannan gefen allo zuwa wancan sau da yawa in ga ko zai kuɓuce a hanya, sannan in miƙa wa mai shi ya gwada da hannunsa a gabana.