Ranar tuyar dubulan

Garwa, daren Alhamis.

Har yanzu hannuna ƙaurin mai yake, bayana kamar an sassaɓa mini taɓarya, amma ba zan kwanta ban rubuta abin da ya faru a tsakar gidanmu yau ba. Jibi ne ɗaurin auren ƙanwar maigidana, don haka tun da muka idar da sallar asuba muka hura murhu uku: dubulan, alkaki da cincin. Zafin Garwa, a nan arewacin Kamaru, kuwa ba a magana, kafin hantsi kowace ta jiƙe sharkaf.

'Yata ce ta jawo zancen. Na sa ta murza ƙullu, ita kuma ta jingina waya da turmi tana kallon wani fim mai dogon zango a YouTube. Hajiya, surukata, ta leƙa ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Yaran nan duk kamar uwa ɗaya ta haife su. In wani ya fita wani ya shigo, ni ban sani ba."

"Haba Iya," in ji 'yata, "Sadiq Sani Sadiq ne fa!"

"Ko wane ne. Ba shi da kwarjinin Samanja."

Nan aka ɓalle. Hajiya ta ce su a zamaninsu ko fuska ba su gani ba. Marigayi Alhaji yana da rediyo, da dare sai ya yi ta murɗa ta har ya kamo Kaduna, gida ya yi tsit. Usman Baba Pategi, wato Samanjan, tsohon soja ne na gaske, shi ya sa in ya daka tsawa da Hausarsa ta bariki, ta ce har yaran da ke kan tabarma sai sun gyara zama. Mutum yana Kaduna, muryarsa ta tsallako iyaka ta zo bakin Binuwai ta tsayar da hayaniyar gida guda. Da labarin rasuwarsa ya zo a Nuwamba 2023, ta ce ji ta yi kamar an yi mata rashin ɗan uwa.

Ni 'yar zamanin kaset ce, kuma ban ɓoye ba. 'Yan kasuwar da ke zuwa Yola da Mubi ne suke shigo mana da su, mu karɓo haya, mu cika ɗaki ɗaya mu fi ashirin, har da na bakin taga. Ali Nuhu yana saurayi, Ahmad S. Nuhu da murmushin nan nasa mai sanyi, sai kuma Ibro. Ina amarya aka ce Ahmad ya rasu a hatsarin mota, ranar 1 ga Janairu 2007. Na shiga ɗaki na yi kuka sosai, kuma yau da na faɗa sai da muryata ta yi rawa. Bai taɓa sanin akwai ni a duniya ba, amma shekarun 'yanmatancina da fuskarsa a ciki.

'Yata ta ce duk wannan ƙaunar zamanin da ce kawai, ba iyawa ba. Sai na ce to a gwada. Maƙwabciyarmu Bafulatana tana gefe tana yanka cincin, Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba. Na sa aka nemo wani guntun wasan Ibro aka miƙa mata. Ga ƙarar mai, ga surutun mata, ba abin da take ji. Wallahi bai gama shigowa ba, daga yadda ya karkata hula ya zare ido, ta fara dariya har ta ajiye wuƙa. Allah ya jiƙan Rabilu Musa Ibro. Tun Disamba 2014 ya bar duniya, amma ga shi yana sa matar da ba ta jin yarensa riƙe ciki. Aka nuna mata Daso, marigayiya Saratu Gidado, tana tsaye a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Sai ta ce da Fulatanci, Allah ya raba ta da zama gida ɗaya da wannan matar.

Daga nan 'yata ta kawo nata. Wuri ne da Sadiq yake zaune shiru, an gaya masa wata magana mai nauyi. Maƙwabciyar ta tsura masa ido, ba ta yi dariya ba, ba ta kau da kai ba, can ta tambaya a hankali, "Me aka yi masa?"

Wannan tambayar ta tsaya mini a rai har yamma. Gaskiya ɗaya ce, na yanzu sun fi iya irin wannan. Sun iya baƙin cikin da ba ihu, sun iya magana kamar yadda ake yi a gida. A finafinanmu na da, mutum zai dafe ƙirji ya yi ta jijjiga kai, ana tsakiyar tashin hankali kuma a yanke a tafi rawa da waƙa a cikin lambu. Na yarda da wannan a gabanta, ta ji daɗi.

Amma ban janye maganata ba. Na da, kyamararsu ba ta da kyau, sauti yana shaƙewa, hasken ma wani lokaci na rana ne kawai. Ba abin da zai ɗauke su sai jikinsu da muryarsu, dole mutum ya cika akwatin talabijin shi kaɗai. Kuma ina ganin rabin kwarjinin nan daga gare mu yake. Kaset ɗaya sai mu kalle shi sau biyar kafin a mayar, muna haddace tafiyar mutum da yadda yake ɗaga gira. 'Yata kuwa ita kaɗai take kallo, yatsanta a kan gilashi, minti biyu in abu bai kama ta ba ta wuce. Yaushe fuska za ta zauna mata a zuciya? Abin ya ba ni tausayin yaran da ke fitowa yanzu, don akwai masu baiwa a cikinsu ƙwarai.

Bayan la'asar muka kwashe tuya ta ƙarshe, dubulan ya cika robobi huɗu. Ina wanke kasko na ji Hajiya ta kira 'yata, murya ƙasa-ƙasa: "Ke, zo nan. Abin nan naki yana da Samanja?"

Ta nemo mata, ta juyo da wayar don ta gan shi. Hajiya ta ture hannunta ta ce a'a, ba ta son gani, ta kara mata a kunne kawai. Haka suka zauna a kan tabarma, ita ta lumshe ido tana murmushi, yarinyar tana riƙe da waya a gefen ɗankwalinta, har aka kira magariba.

Gobe ƙunshi, kuma ban jiƙa lallen ba tukuna.