Inda teku ke yanka wa jirgi lokaci

A tsibirin Barra, can yammacin Sikotland, babu kwaltar saukar jirgin sama. Kan rairayin bakin teku jirgi ke sauka, wani faffaɗan fili da mutanen nan ke kira Traigh Mhòr da yarensu na Gelik. Sau biyu a kowace rana ruwa yakan taso ya shafe filin ƙaf, saboda haka lokacin tashi da sauka kullum sauyawa yake, gwargwadon yadda teku ya ja da baya. Tun 1936 haka ake yi. Hanyoyin sauka guda uku ne, kuma da turakun katako aka yi musu alama.

Aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni. Da na kwatanta wa Umma wurin a waya, sai ta yi shiru, can ta ce, "Ke 'yar nan, jirgi a kan yashi? Allah Ya tsare." Ni ma da farko cikina ya ɗuri ruwa. Jirgin ƙarami ne, Twin Otter mai kujeru 19 da kamfanin Loganair ke tafiyarwa daga birnin Gilasgo, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga kujerarki kina hango matuƙa biyu suna taɓe-taɓensu. Idan tayoyi suka taɓa ƙasa, ragowar ruwan gishiri ya fantsamo kan taga, ki fito iska ta kusa ɗauke miki mayafi, kayanki kuma a ajiye su a wata 'yar rumfa a gefen ginin tashar jirgin.

Baƙi masu yawon buɗe ido kan tsaya bakin hanya suna ɗaukar hoto, abin ya zame musu kallo. Mu da ke zaune a nan ba haka muke ganinsa ba. Mutanen tsibirin ba su fi dubu da 'yan ɗaruruwa ba, kuma jirgin ruwa daga Castlebay, babban garin tsibirin, zuwa garin Oban da ke babban yankin Sikotland yana cin kusan awa biyar, in ma guguwar hunturu ta bar shi ya tashi. Tsohon da likitan zuciya ke jira a Gilasgo, mai ciki da za ta tsallaka kafin watanta ya kama, ɗalibin da zai koma jami'a, duk wannan ƙaramin jirgi suke dubawa. Na ga tsohuwar da nake kula da ita ta yi shiri tun asuba, da jakarta a cinya, aka ce hazo ya hana sauka. Ba ta ce uffan ba, ta cire takalmi ta nemi shayi. Ni ce ma na kasa haƙuri a madadinta.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana cewa tallafin da gwamnatin Sikotland ke zubawa a wannan hanya asara ce. Mai faɗin haka bai taɓa jiran jirgi da marar lafiya ba.

A hankali na koyi abin da kowane yaro a nan ya sani. Idan ƙyallen nuna iska yana sama, filin na jirgi ne, masu tsintar katantanwar teku su kauce. Idan an sauke shi, kowa ya shiga rairayi da bokitinsa. Yanzu kafin in nemi hutu a wurin aiki sai na duba jadawalin cikar teku, in kuma bar rarar kwana ɗaya a Gilasgo saboda hazo.