Kunnen da na yi wa jinkiri

Ina ɗan shekara 17 na huda dodon kunnena na hagu da hannuna. Ina zaune a ƙofar gidanmu a Fagge ina sosa kunne da tsinken ashana, wani yaro ya zo a guje ya bangaji gwiwar hannuna. Zafi ya ratsa ni har tsakar ka, ɗan jini ya fito, kunnen ya dode.

Ƙannena, irin wannan hujin sau da yawa da kansa yake rufewa cikin 'yan makonni, in dai an bar kunnen a bushe. Ni kuwa duk abin da aka ce in zuba sai da na zuba. Aka ce man zaitun, na ɗiga. Aka ce ruwan albasa, na matsa. Na karɓo maganin ɗigawa a kemis ba wanda ya leƙa kunnen, alhali wasu daga cikinsu, kamar masu gentamicin, suna iya lalata ji idan suka bi ta hujin suka shiga ciki. Ga wanka ina sheƙa ruwa a ka yadda na saba. Sai kunne ya fara ruwa. Duk hunturu, da mura ta kama ni mugunya ta dawo, mai wari, har nakan ji kunyar wanda ke gefena a sahu.

Shekara 9 ina haka, don tsoron kalmar tiyata kawai. Ga sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, amma ni ina yawon neman magani a bakin titi.

Ranar da na ga likitan kunne, sai da aka fara busar da ruwan, aka sa min abin ji a ka aka auna yadda kowane kunne yake kama sauti. Aikin kansa faci ne. Aka yanko ɗan tantani daga naman da ke saman kunnena, ƙarƙashin gashi, aka shimfiɗa a hujin. Wasu kuma guringuntsin bakin kunne ake ɗebo musu. Bayan aiki aka hana ni fyace majina da ɗaukar kaya mai nauyi, atishawa ma sai da baki a buɗe, wanka sai na toshe kunnen da auduga mai Vaseline. Makonnin farko jina ya ƙara dodewa saboda abin da aka cusa a ciki, hankalina ya tashi, ashe haka yake kafin ya washe.

Facin ya kama, Alhamdulillahi, ruwa ya tsaya. Amma jin bai dawo duka ba. A bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa 3 da suke miƙa sauti ciki, kuma mugunyar shekaru ta cinye wani sashe na ɗaya daga cikinsu. Wannan ne yake damuna har yau, domin da na je da wuri, da ƙashin yana nan lafiya.

Don haka in kunnenku ya yi jini, ko ya wuce mako 2 yana ruwa, kada ku zuba masa komai, ku je a haska a gani. In likita ya ce faci, ku tambaye shi halin da ƙasusuwan suke ciki da irin jin da za ku sa rai da shi. Ni yanzu a majalisa gefen hagu nake zama, don abokan hira su kasance ta damana.