Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekarar Burushi da Littafi

A makon jiya na tsaya inda na gama aji ɗaya a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, na koma gida cikin birnin Zariya hutu, hannuna duk baƙin gawayi. Yau zan ɗora daga aji biyu, shekarar da karatun ya rabu mini gida biyu.

Da safe muna situdiyo. A jera tulu da ƙwarya da tsohuwar fitilar ƙwai a kan tebur, a ce mu zana, mu nuna inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. Fenti tsada gare shi, don haka kala biyar muke saye mu haɗa sauran da kanmu, burushi kuma da kananzir muke wanke shi. Da rana sai a kwashe mu zuwa ɗakin lacca, a rufe tagogi, a kunna majigi, a shiga tarihin zane. Yawancin abokaina sun tsani wannan darasi. Cewa suke, mu zane muka zo koya, me ya haɗa mu da haddar shekarun matattu? Ni kuwa ina son sa, ko da yake yana cinye mini daren da ya kamata in yi gaban allon zanena, don daga lacca sai laburaren Kashim Ibrahim.

Mun faro daga Masar, muka bi ta Girka da Rum, muka sauka Italiya. A can kowane aiki da sunan mai shi. An san Leonardo da Vinci an haife shi a 1452, ya mutu a 1519. An san Michelangelo ya kwashe daga 1508 zuwa 1512 yana zana rufin wani ɗakin ibada a fadar Fafaroma. An san wanda ya koya musu, da wanda ya biya su, har da wanda suka yi faɗa da shi. Da muka iso Nijeriya a zango na biyu, sai sunaye suka ɗauke ɗif. Kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tono a 1928 a kudancin Kaduna, sun haura shekara dubu biyu. Ɗaya daga cikinsu ma wani ne ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye, kafin ya kai hannun Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, a 1943. Ga tagullar Ife, ga ta Igbo-Ukwu, ga ta Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Aiki ne na gwanaye, amma a ƙasan hoton ba abin da ake rubutawa sai gari da ƙarni. Sai an gangaro zamanin nan ake fara jin irin su Ladi Kwali, mai ginin tukwane da hotonta ke jikin naira 20.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne labarin sashenmu kansa. A 1958, tun makarantar tana kwaleji ba ta zama jami'a ba, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Malamansu Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce. Su kuma suka ce za su karɓi dabarar Bature, amma kowa ya koma gidansu ya ɗebo abin zanawa. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Na fito daga wannan lacca raina cike da tambaya guda: a Zariya aka yi wannan yunƙuri, to ina na Zazzagawa?

Na bi malamin har ofishinsa na tambaye shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Ɗan cikin birni ne, Malam."

"Mene ne sana'ar mahaifinka?"

"Ɗinkin babbar riga."

Ya ajiye biro. Ya ce, "To ka je Juma'a masallacin fada, ka shiga tsohon ginin, ka ɗaga kanka sama. In ka dawo gida ka zauna kusa da mahaifinka ka yi shiru. Daga nan ka zo mu yi magana." Shi ne kuma ya gaya mini cewa wani Bature, David Heathcote, ya koyar a wannan sashe har zuwa 1979, ya yi digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausa, kuma a 1976 ya shirya baje kolin sana'o'in Hausa a Landan. Wato rigar da ake ɗinkawa a zauren gidanmu ta riga ni shiga jami'a.

Masallacin nan tun ina yaro nake salla a harabarsa. Ginin siminti ne ya lulluɓe shi tun shekarun 1970, amma na ƙasar yana ciki. An gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma a nan, Alhamdu lillahi, akwai suna: Muhammadu Durugu, Babban Gwani. Da tubali da azara ya yi aikinsa. Ginshiƙai masu kauri sun tashi daga ƙasa, bakan gizo ya fito daga jikinsu yana lanƙwasa har ya haɗu da ɗan'uwansa a can sama, azara a jere tsakaninsu an shirya ta salo-salo. A jikin ginshiƙan akwai zane da aka tayar da ƙasa, layuka masu zurfi da da'irori, ba fenti ko ɗigo, haske ne kawai ke bi ta kansu yana fito da su. Duk abin da ake koya mana da safe game da haske da inuwa, wannan bawan Allah ya yi shi da laka. Na zaro takarda na yi ta zane har ladan ya fara gyaran murya don la'asar.

Zaman da na yi kusa da Baba shi ya fi taɓa ni. Kafin allura ta taɓa riga, sai an zana ta. Baba yakan shimfiɗa yadin a kan cinyarsa, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja aska takwas daga bakin aljihu zuwa ƙasa ba tare da ma'auni ba, kowace aska da tsininta, ba wadda ta shiga gonar wata. Sai ya juya yadin ya zagaye tambari da ja ɗaya. Mu a situdiyo sai mun goge sau da yawa kafin da'ira ta zauna. Na ce, "Baba, wa ya koya maka zanen nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Yau kuma ɗan boko ne ke tambayar allura?" Sannan ya faɗi sunan maigidan da ya zauna a zaurensa yana yaro, da wanda ya koya wa maigidan, da unguwar da kowannensu ya zauna, da abin da aka san shi da shi: wannan gwanin aska ne, wancan ba mai kama shi a wuyan riga. Ashe sunayen suna nan, a bakin masu sana'a suke, ba wanda ya zo da takarda ya tambaya. Na rubuta su duka a bayan littafin laccata, a shafi ɗaya da shekarun Leonardo.

Daga wannan mako aikina na situdiyo ya sauya. Na daina fara zane da fensir, na koma alƙalamin kara da tawadar da Baba ya zuba mini a kwalba. Aikin ƙarshen zango da aka ba mu shi ne kasuwa. Na zana 'yan koli a bakin Ƙofar Doka, amma na gina hoton a kan tsarin gaban riga: dogayen inuwoyin mutane suka zama asake, rumfar mai shayi ta zauna inda tambari ke zama. Ranar duba aiki aka jingina allunanmu a bango. Wani abokina ya ce wannan ado ne kawai, ba zane ba ne. Malamin fenti ya ce launukana sun yi laka, kuma gaskiya ne, shuɗin ya mutu a ƙarƙashin ruwan ƙasa. Amma ya daɗe a tsaye gaban allon, daga baya ya tambaye ni inda na samo wannan tsari. Na ba shi amsa da sunan Babban Gwani da sunayen da Baba ya faɗa mini, ɗaya bayan ɗaya.

Na kai allon gida a bayan ɗan acaɓa. Baba ya gane asakensa nan take, ya ƙirga su da yatsa, ya ce ta shida ta karkace. Sai idonsa ya sauka kan fuskokin 'yan kolin, ya yi shiru, ya ce, "Waɗannan masu rai ne ka zana. Ka tambayi malamai hukuncinsa kuwa?" Wannan tambaya ita ta kai mu zauren wani malami a unguwarmu, ni da shi, a daidai lokacin da sashe ke jiran in zaɓi ɓangaren da zan ƙware a aji uku, fenti ko tarihin zane. Yadda zaman ya kaya da abin da na zaɓa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.