Ni fa na kasa gane wannan soyayyar da muke yi wa Putin

A Kano idan kana so a yi maka taron dangi a majalisa ba sai ka zagi uban kowa ba, kawai ka ce Rasha ce ba ta da gaskiya a yaƙinta da Yukren. Kafin ka rufe baki wani ya ce kai ɗan koren Amurka ne, wani ya ce Turawa sun gama da tunaninka, wani kuma ya zaro waya ya nuna maka bidiyon TikTok ɗin nan da Putin yake tafe ana wangale masa ƙofofin zinare an sa kiɗa a ƙasa, wai ga namijin duniya. Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da tankokin Rasha suka nufi Kyiv haka ake ta yi, teburin mai shayi, gidan kallon bal, layin 'yan adaidaita, kowa ya zama masanin NATO, ƙungiyar ƙawancen soja ta Amurka da Turawa.

Kuma ni ban ce mutanenmu ba su da dalili ba fa. Suna da shi, babba ma. A 2003 Amurka da Ingila suka afka wa Iraƙi da sunan Saddam yana da makaman ƙare dangi, ba tare da Kwamitin Sulhu ya amince ba, aka rusa ƙasa aka kashe bayin Allah, makaman nan har yau ba a gan su ba, kuma babu shugaban da ya kwana a sel ko na dare ɗaya a kai. A 2011 NATO ta yi wa Libiya ruwan bama-bamai aka kashe Gaddafi, makaman da suka watsu daga can mu ne muke ɗanɗana kuɗarsu daga Mali har dajin Zamfara. Sai ga shi kwana huɗu kacal da fara yaƙin Yukren FIFA da UEFA sun dakatar da Rasha, an ɗauke wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai daga Saint Petersburg an kai Paris, 'yan Chelsea na unguwarmu kam ba za su manta ba tunda sai da aka tilasta wa Abramovich, attajirin Rashan da ya mallaki kulob ɗin, ya sayar da shi. An daskarar da kuɗin Rasha wajen dala biliyan 300 a bankunan waje. A Maris 2023 kotun hukunta manyan laifuka ta ICC ta ba da sammacin kama Putin Turawa suka yi ta tafi, amma da kotun nan dai ta ba da na Netanyahu a Nuwamban 2024 saboda Gaza sai Amurka ta juyo ta ƙaƙaba wa alƙalanta takunkumi. To wa zai ga wannan ya ce babu munafunci? Ga kuma abin da aka yi wa ɗalibanmu a kan iyakar Poland a makon farko na yaƙin, ana tura baƙar fata baya ana cewa farare su fara shiga jirgin ƙasa, wasu sun maƙale a birnin Sumy na Yukren cikin sanyi, sai da gwamnati ta tura jiragen Max Air da Air Peace aka kwaso su. Duk wannan gaskiya ne, laifi tudu ne, Turawa sun take nasu suna hango na Rasha.

Inda muke rabuwa da abokaina shi ne, don Bush ya yi zalunci a Bagadaza ba shi ne zai mayar da na Putin a birnin Mariupol na Yukren adalci ba. Mutum zai iya ƙin duka biyun mana, wa ya ce dole sai ka zaɓi azzalumi ɗaya ka rungume?

Za a ce maka ai NATO ce ta matso ƙofar gidansa. E, a taron Bucharest na 2008 an ce wata rana Yukren da Jojiya za su shiga ƙungiyar, amma ba a sa rana ba, kuma shekara 14 bayan nan Yukren ba ta shiga ba, Jamus da Faransa ma a lokacin ba sa so. Sannan in dai tsoron NATO ne ai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin Finland da ta yi shekara da shekaru tana 'yar ba ruwanmu ta shiga a Afrilun 2023 da iyakarta ta sama da kilomita 1,300 da Rasha, Sweden ta bi ta a Maris 2024. Abin da ba a cika faɗa a majalisa ba shi ne a 1994 Yukren ta amince ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, aka sa hannu a Budapest, Rasha da Amurka da Ingila suka yi alƙawarin mutunta iyakokinta. Shekara 20 bayan nan Rasha ta ƙwace Kirimiya, a Satumban 2022 ta ce ta haɗe wasu yankuna huɗu, ciki har da wuraren da sojojinta ma ba sa riƙe da su. Kuma shi Putin bai ɓoye ba, tun Yulin 2021 ya fitar da dogon rubutu cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce. Kamar dai maƙwabcinka mai kuɗi ne ya ture katangarku ya shigar da rabin tsakar gidanku cikin nasa, hujjarsa wai kakanninku ɗaya kuma ya ga kana yawan gaisawa da abokin gabarsa.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne masu kawo addini cikin maganar, wai Putin masoyin Musulmi ne don an gan shi ya sumbaci Alƙur'ani a wani masallaci a Checheniya. Haba jama'a. Checheniyar nan fa ita ce wadda sojojinsa suka mayar da babban birninta Grozny kufai a 1999 zuwa 2000. Jiragensa ne suka taya Assad na Siriya ragargaza birnin Halab a 2016, kuma da Assad ya gudu a Disambar 2024 Mosko ya nufa. Su kansu Tatar na Kirimiya Musulmi ne, Stalin ya kwashe su gaba ɗaya a 1944 ya watsa su tsakiyar Asiya, da ƙyar suka dawo gida, bayan 2014 kuma Rasha ta haramta majalisarsu. Wannan halin namu dai tsoho ne, a 1990 da Saddam ya haɗiye Kuwait, ƙaramar ƙasar Musulmi maƙwabciyarsa, shi muka mara wa baya don ya tsaya wa Amurka, shi ya sa yau in ka shiga Kantin Kwari ka kira Saddam sai mutum uku sun waiwayo.

Amma bari in kawo ta gida, domin nan ne maganar ta fi yi min daɗi. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Bazoum a Nijar, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba da wa'adin mako ɗaya ta ce ko a mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi, aka rufe boda, aka yanke musu wutar lantarki. A wannan labarin mu ne babbar ƙasa, Nijar ce ƙaramar maƙwabciya. Me muka ce a lokacin? Kowa ya tashi, limamai a huɗubar Juma'a, sanatocin Arewa, 'yan kasuwar Dawanau da kayansu suka maƙale a boda, har zanga-zanga aka yi a nan Kano, Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Janar Tchiani, tawagar malamai ta bi baya. Hujjarmu ita ce Nijar ƙasa ce mai 'yancin kanta, ko sojoji ne suke mulkinta ko wa ye, ko Faransa ta zaɓa ko Rasha, babu ruwan Abuja, ba a shiga ƙasar mutane da tanka. Wallahi na yarda da wannan hujja ɗari bisa ɗari. To me ya sa in an zo kan Yukren sai mu ce a'a, ita ba ta da ikon zaɓar abokanta sai wanda babban yaya ya yarda da shi?

Kuma ku duba ɗaya hujjar ta Putin, wai yana kare masu jin Rashanci ne a yankin Donbas na gabashin Yukren. In da haka ake yi ai Maraɗi da Damagaram tuni sun zama jihohin Najeriya, yarenmu ɗaya, auratayya muke, Katsina da Maraɗi gida ɗaya ne tun kafin Bature ya zo da taswirarsa. Jakadan Kenya a Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Martin Kimani, kusan abin da ya faɗa kenan kwana uku kafin a fara yaƙin, cewa iyakokinmu a Landan da Paris da Lisbon aka zana su, amma da mun ce sai kowa ya bi ƙabilarsa ya gyara layi da har yau jini muke zubarwa. Shi ya sa tun 1964 a Alƙahira shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su. Mu kanmu mun fi Kamaru ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da kotun duniya ta ba ta Bakasi a 2002 Obasanjo ya haɗiye, aka gama miƙawa a 2008 zamanin 'Yar'aduwa, mutane sun ji haushi amma ba a kai ga yaƙi ba saboda wannan.

Su kuwa ƙasashen duniya kowa cikinsa yake yi wa aiki. A ƙuri'ar 2 ga Maris 2022 ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar har da Najeriya, 5 suka ƙi, 35 suka yi rowar ƙuri'a. Indiya da Chaina suka samu ɗanyen mai da araha suka yi ta jida, Turkiyya tana sayar wa Yukren jirage marasa matuƙi tana kuma ciniki da Rasha. Mu kuma namu rabon shi ne buhun fulawa da taki da dizal suka tashi, tunda sama da kashi ɗaya bisa huɗu na alkamar da ake fitarwa kasuwar duniya daga ƙasashen biyu take fitowa, kodayake masifar da ta biyo baya ta cire tallafin mai da karyewar naira wannan tamu ce ta gida, kar a ɗora wa Putin. Shi ma Zelensky na Yukren ya ga abin da ake kira abota da Amurka ranar 28 ga Fabrairun 2025 da Trump da mataimakinsa suka titsiye shi a gaban kyamara.

Har yanzu ina tuna Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa da yara suka cika titunan Kano da tuta mai fari da shuɗi da ja suna kiran Putin ya zo ya cece su. Yunwa ce da fushi, na sani, kuma sun ga Nijar ta kori sojojin Faransa. Ofishin jakadancin Rasha a Abuja cewa ya yi babu ruwansa, aka kama teloli, aka tuhumi yara da cin amanar ƙasa har wasu suka sume a kotu a watan Nuwamba kafin a sake su.

Yanzu kuma wani sabon salo ya fito, ana tallar aiki a Rasha a WhatsApp da Facebook, gadi ko direba ko karatu kyauta da albashi a dala. Gwamnatocin Kenya da Afirka ta Kudu duk sun fito sun ce an yaudari 'yan ƙasarsu da irin wannan, sai da suka sauka aka ba su takarda da Rashanci suka sa hannu, suka tsinci kansu a bakin daga, 'yan mata kuma a masana'antar haɗa jirage marasa matuƙi ta Alabuga. Don Allah duk wanda ƙaninsa ya zo masa da maganar wani ejan zai kai shi Rasha, a karɓi takardar a nemi wanda zai karanta ta tukunna, kafin a sayar da fili a biya kuɗin biza.