Madannan kofar motata sun dawo aiki

Wallahi madannan nan na jikin kofar direba sun ban wahala satin nan, irin na motocin Amurka din nan, maballi 5 ne kowanne da lamba biyu, ka danna lambobin sirri 5 kofa ta bude ba sai da makulli ba. To kawai suka dauke, ko haskensu baya kawowa amma rimot na budewa lafiya lau. Mai rewaya yace tunda rimot na aiki to ba injin kulle bane, ya duba fiyus garau, ya sa mita babu wuta a soket din madannan. Sai ya janye robar nan mai lankwasa dake tsakanin kofa da bodi, ashe waya ce ta karye a cikin rigarta, daga waje kamar sabuwa, bude-rufe ne ya cinye ta. Yayi mata solda ya nade. Wani kuwa cewa yayi sai an canja kwakwalwar motar dungurungum, haba malam! Yanzu in na danna 7-8 da 9-0 tare duk kofofi na kullewa, Alhamdulillah.